Jikin Bara'atu, Jarin Bara'atu

Ungozomar da ta yanke wa Bara'atu cibi a Balan ta daɗe tana ba da labarin cewa ba ta taɓa ɗaga jariri ta ji abin a ƙugunta ba sai ranar. Gidan kuwa ba na wadata ba ne. Tuwon dawa da miyar kuka, ɗumame da safe, da rana abin da ya samu. Yayyenta huɗu sun ci wannan tuwon sun tashi kamar karan dawa, ita ta ci ta tashi kamar rumbu. Mutanen gari suka yanke hukunci cewa lallai mahaifinta yana da wani abu da yake ɓoyewa, domin a wancan lokacin babu mai yarda cewa ƙiba tana zuwa kyauta.

Tana da shekara ashirin ta auri Muhammad Auwal, wani manomi a Toranke mai taɓa sayen hatsi ranar kasuwar Ajingi. Mutum ne mai maƙo. Idan ya sayo nama, sai an haska tukunya kafin a gano inda yake. Amma tun daga ranar da aka kai masa Bara'atu sunansa ya gyaru a gari. Maza a majalisa suka riƙa cewa Auwalu ya iya riƙon mace, a dubi matarsa a ga yadda ake kiwo. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana shafa gemu, yana cewa ai yin Allah ne, da muryar mutumin da ya san shi ma ya taimaka.

Mata ne suka fara damun ta da tambaya. Me take sha? Wa yake haɗa mata? Ta rantse musu ba ta shan komai, ba wadda ta yarda. Aka fara kiran ta mai rowa, mai baƙin ciki, wadda ba ta so wata ta yi kyau. Ana cikin haka wata dattijuwa ta shigo mata da jikarta da za a yi wa aure bayan wata biyu, yarinya mai ƙashin wuyan da za a iya zuba masa ruwa ya zauna. Dattijuwar ta ce ba za ta fita daga gidan ba sai an taimake ta, kada dangin miji su ce an kawo musu amarya daga gidan yunwa.

Don ta rabu da ita, Bara'atu ta soya gero da gyaɗa, ta zuba hulba da 'yar kanumfari, ta daka, ta ƙulle a leda. Sannan ta kafa sharuɗɗa da fuskar masana: a dama da nono sau uku a rana, kada yarinya ta taɓa taɓarya, kada ta je rijiya, ta kwanta bayan kowane sha. Wata biyu bai cika ba amarya ta yi kumatu. Bara'atu ta san sarai cewa ko akuya aka ɗauke wa wahala aka ba ta nono sau uku a rana za ta murmure. Sai dai ba ta ga dalilin ƙaryata mutanen da suka dage sai sun yaba mata ba.

Shekara goma sha biyar ta yi tana sayar da garin. Ba ta taɓa yin talla ba. Ta shiga gidan biki, ta zauna a tsakiyar tabarma, ta bar mayafi ya zame kaɗan daga damtsenta, shi ke nan. Kafin a raba waina an yi mata magana a kunne sau biyar. Ana zuwa daga Balan, ana zuwa daga cikin Gaya, ana aiko da saƙo ta hannun direbobin bas. Wadda ta sha ta yi ƙiba, aikin gari ne. Wadda ta sha ba ta yi ba, to tana da damuwa a rai, ko uwar mijinta ta sa mata ido, sai ta ƙara leda biyu.

Matsala ɗaya ce take da ita, kuma a cikin gidan take. Hanne, faccalarta, matar ƙanin Muhammad Auwal, siririya ce tun daga kai har ƙafa, irin sirantar da in ta juya gefe sai a neme ta. Shekara tara Hanne tana shan garin nan kyauta, da nono, da zuma in an samu, ko tsoka ɗaya ba ta ƙara ba. Don haka duk lokacin da aka ji sallamar masu saye a zaure, sai Bara'atu ta tuna cewa akwai wanki a bayan gida ko kaji sun shiga rumbu, ta tura Hanne can. Hanne takan ce, "To, Yaya," ta ɗauki bokiti ta wuce. Ba ta taɓa nuna ta gane ba.

Ba rana ɗaya abin ya juya ba. Wayoyi masu hoto suka shigo hannun 'yan mata. Waɗanda suka je makaranta Kano suka dawo hutu suna maganar ƙugu da shafaffen ciki, suna barin tuwo a kwano. Kalmomi ma suka sauya gida. Matar da a da ake cewa ta cika, ta yi jiki, Allah ya ba ta, yanzu sai a ce buhu, ko katifa, ko a yi shiru a bi ta da ido har ta wuce sannan a saki dariya. Wata rana a tashar Ajingi Bara'atu ta ɗaga ƙafa za ta shiga bas, kwandastan ya dube ta, ya sunkuya ya dubi tayar baya, ya sake duban ta. Fasinjoji suka ƙarasa masa da dariya. Ita da ta saba a matsa mata wuri da girmamawa, ranar ta zauna ta haɗe gwiwoyi har Gaya kamar mai laifi.

A gida ma labarin ya sauya. Muhammad Auwal, wanda a lokacin ya ajiye tumbin da ya hana shi ganin yatsun ƙafarsa, ya fara kawo shawara cewa ya kamata ta riƙa rage cin abinci, mutane suna magana. Shekara ashirin ya ci yabon jikin nan bai taɓa saya masa ko hanta ba, yanzu da yabon ya ƙare shi ne na farko da ya nemi a rage kaya. Abin da ya fi ƙona mata rai kuwa 'yarta ce, Ummu Salma, wadda aka sa wa rana. Bara'atu ta dama mata gari da hannunta, da nono mai kyau, yarinyar ta kalli kofin kamar an miƙa mata guba, ta ce ita so take ta rage kafin biki, ba ta ƙara ba.

Bara'atu ba mai dogon kuka ba ce. Ta kwana biyu tana fushi, a na uku ta aika kasuwa aka sayo mata ganyen filasko da citta da tsamiya da busasshen lemon tsami. Ta daka ta ƙulle a irin ledojin da. Duk wadda ta sha filasko ta san hanyar banɗaki za ta zame mata hanyar gona, kuma mace in ta yi kwana uku tana wannan zirga-zirga dole zanenta ya yi sako-sako. Magani dai ya samu. Abin da ya rage shi ne wa zai sayi maganin rage ƙiba a hannun macen da ta cika ƙofar ɗaki.

Kamilu ne ya warware wannan, ɗan yayanta mai shagon cajin waya a Ajingi, mutum mai mata da 'ya'ya uku amma har yanzu yana ganin duk wata matsalar duniya hoto ne maganinta. Ya ce ai abin da ake yi yanzu hoto biyu ne, na kafin sha da na bayan sha. Bara'atu da Hanne hasken fatarsu ɗaya, tsawonsu ya yi kusa, kuma suna da atamfar anko iri ɗaya. Ya tsayar da su ɗaya bayan ɗaya a jikin katangar gida, ya ɗauka, ya liƙa fure a kan fuskokin da sunan kunya, ya haɗa hotunan gefe da gefe. A ƙarƙashin Bara'atu ya rubuta "Da", a ƙarƙashin Hanne ya rubuta "Yanzu". Ya saki abin a waya.

Kasuwa ta buɗe fiye da ta gari. Mutanen Toranke sun san gaskiya, amma masu sayen daga nesa suke zuwa, kuma maƙwabta ba su ga abin da zai sa su ɓata wa kansu abin dariya ba. Sai dai tsarin gidan ya juye. Yanzu in aka ji sallama a zaure, Hanne ce take gyara ɗaurin ɗankwali ta shimfiɗa tabarma, Bara'atu kuma ta tattara zanenta ta shige ɗaki ta saki labule. Ita ke daka, ita ke ƙullawa, ita ke zaune a bakin gado cikin zafi tana fifita, tana sauraron faccalarta tana karɓar baƙi.

A nan ta gano cewa Hanne tana da baki. Matar da shekara da shekaru ba ta wuce "To, Yaya" ba, ashe ajiya take yi. Masu saye sukan tambaye ta yadda rayuwa take lokacin da take da ƙiba, ita kuma ta ba su labari dalla-dalla, ba ta ƙirƙiri ko ɗaya ba. Ta faɗi yadda cinyoyi ke gogar juna har su yi ƙuraje da bazara. Ta faɗi yadda ake tashi daga tabarma sai an dafa bango an kira sunan Allah sau biyu. Ta kwaikwayi numfashin mai ƙiba in ta sunkuya wanke-wanke, ta kwaikwayi munsharinta na rana. Mata suna dariya har da riƙe ciki, wasunsu masu ƙibar ne, suna dariya suna jan mayafi su rufe damtse. Bara'atu tana bayan labule tana jin tarihin jikinta daga bakin wadda ta fi kowa kallonsa. Ta daure, domin ciniki na tafiya.

Ranar da abin ya fashe, wata matashiya ce ta zo daga Balan, sunanta Afra'u, mai jiki sosai, aurenta shekara uku. Ta zauna a gefen tabarma ta yi bayani a hankali. Mahaifiyarta ce ta ɗura mata garin ƙiba kafin aure, daga wannan gidan ma aka sayo, wai wajen wata mata da ke nan a da. Yanzu mijin ya daina fita da ita ko gaisuwar mutuwa, yana nuna mata hotunan mata a waya yana tambayar ta ko ita ba ta da ido. Ta yi kwana huɗu tana shan ruwan zafi da lemon tsami kawai har jiri ya kayar da ita a bakin murhu. Hanne ta tausaya mata, ta ce ta riƙa shan leda biyu maimakon ɗaya. Sannan don ta kwantar mata da hankali ta ƙara da cewa ita ma a da har kujerar tsuguno ta taɓa zama a kai ta rabe biyu a gaban baƙi.

Zai yi daɗi a ce tausayin Afra'u ne ya fito da Bara'atu daga ɗaki. Wataƙila akwai shi a ciki. Amma abin da aka ji ta faɗa lokacin da ta yaye labule ta cika ƙofa shi ne:

"Hanne, ki ji tsoron Allah. Kujerar nan da tsagewarta aka kawo ta, kin sani, kowa ya sani."

Mata huɗu ne a kan tabarma, kuma ba a daɗe ba ɗaya ta ciro waya ta dubi hoton "Da", ta dubi matar da ke ƙofa, ta dubi katangar da ke bayanta. Afra'u ta gane, ta ce ashe wannan ce mai garin. Bara'atu da ta ga ruwa ya riga ya zube sai ta ƙarasa kifar da tulun. Ta ce ita ce Da, kuma ita ce Yanzu, ba ta taɓa raguwa ba, waccan kuma ba ta taɓa ƙaruwa ba, abin da ke cikin leda filasko ne, wadda ke son gudawa ta saya da arha a kasuwa. Ta karɓe ledojin daga hannun Afra'u, ta sa aka zubo mata ɗanwake ta tsaya a kanta har ta cinye.

Kafin la'asar labarin ya kai Ajingi. Mako guda ana yi. Yara a hanya in sun ga faccalolin sai su ce ga Da ga Yanzu. Muhammad Auwal ya ƙaurace wa majalisa kwana uku, ya ce ta zubar masa da mutunci, kamar dai ba da ribar filasko aka sauya masa kwanon rufin zaure ba.

Ga bikin Ummu Salma ya matso, kuma uwar amarya ba ta da abin sawa. An aiko mata da abaya daga Kano, irin wadda masu shago ke rantsuwa tana shigar kowa. Ta tsaya mata a kafaɗa, sai da mata biyu suka ja kafin ta fita. Ta aika wa Bubayero, telan da ke yi wa matan gidan ɗinki a Ajingi, da leshinta ruwan lemo mai haske, tare da tsohuwar rigarta don ya ɗauki awo. Ya dawo mata da saƙo cewa wannan launi ba na masu jiki ba ne, ta nemi baƙi ko ruwan ƙasa, zai yi mata bubu mai faɗi yadda ba za a ga komai ba. Haka yake yi wa duk wata mai ƙiba: ya ninka yadi biyu, ya huda wajen kai, ya karɓi ladan tela. Shi kansa in ya zauna a kan keken ɗinki ba a ganin kujerar.

Bara'atu ta aika aka karɓo leshinta. Ta shiga bas ta tafi Gaya wajen wata A'isha, bazawara mai ɗinki a cikin gida, wadda aka ce ba ta da yawan ciniki saboda tana dagewa sai ta auna mace da tef. Matan yankin sun fi son su aika da riga, kuma rigar da suke aikawa ta shekara biyar baya ce, sannan in ɗinki ya matse a zagi tela. Bara'atu ta cire mayafi ta ɗaga hannuwa. Da aka zo ƙugu tef ɗin ya kusa ƙarewa, A'isha ta rubuta lambar ba ta ɗaga kai ba, ta tambaye ta inda take so rigar ta kama da inda take so ta saki. Tunda Bara'atu take, ba tela da ya taɓa yi mata wannan tambayar.

Ranar wuni ta fito cikin riga da siket ruwan lemo, an fitar da kafaɗa, an kama ƙarƙashin ƙirji, an saki daga ƙugu, ga ɗauri ya tashi sama. Ba kowa ya yaba ba. Wata ƙanwar mijinta ta ce uwar amarya ta zama kamar rana ta faɗo tsakar gida. 'Yan matan amarya suka yi ta ƙus-ƙus, Ummu Salma ta ce a kunnenta, "Umma, ai da kin yafa babban mayafi." Ba ta yafa ba. Ta zauna a tsakiyar tabarma, ta ci abincinta a gaban kowa, aka kira ta hoto ta tsaya a gaba maimakon ta laɓe a bayan yara kamar yadda masu jiki suka koyi yi.

Kafin a watse mata uku sun tambaye ta a ɓoye wa ya yi ɗinkin. Bara'atu ta ji wani abu da ta sani ya motsa a ranta. Ta ce telar ba ta son a faɗi sunanta, amma in suna so su kawo yadinsu, ita za ta auna su a ɗakinta ba mai gani, ta kai, ta karɓo.

Sana'ar da take kai ke nan har yau. Ta sayi tef nata, ta koyi karanta lamba. Duk mako tana shiga Gaya da ƙullin atamfofi, kuma kwandastoci sun daina duban taya tun ranar da ta tambayi wani a gaban fasinjoji ko uwarsa ma haka yake auna ta. A'isha ta ƙara keke na biyu. A ɗakin awo Bara'atu tana yi wa mata wa'azi cewa Allah bai yi kuskure a halittarsu ba, mace ta sa abin da ya shige ta, ta daina jiran ranar da za ta rame kafin ta yi kwalliya. Da muryar da ta sayar da gari da filasko take faɗa, sai dai wannan karon ba ta kawar da ido in tana magana. Afra'u ta ɗinka kala biyu. Mijinta bai sauya ba, yana nan da wayarsa, amma ita ta daina shan ruwan zafi, kuma tana zuwa biki ko ya raka ta ko bai raka ta ba.

Hanne ta ci gaba da sayar da shayin rage ƙiba ita kaɗai, a ɗaya ɓangaren gidan, kuma gaskiya cinikinta ya fi na Bara'atu. Wani lokaci mace ɗaya takan shiga ɗakin awo a yaba mata jikinta, ta fito ta zagaya ta bayan rumbu ta sayi leda biyu. Faccalolin suna gaisawa, suna aron gishiri, ba sa zancen.

Bara da damina ciwon kai ya matsa wa Bara'atu har ta je asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awo a damtse, ta ce jininta ya hau, ta rage gishiri da mai, ta riƙa tafiya da ƙafa. Ba ta ce mata buhu ba, ba ta yi dariya ba, don haka Bara'atu ta ji maganar. Ta fara kai wa Muhammad Auwal abinci gona da kanta, abin da ya ɗauka ladabi ne ya zo mata da girma. Bayan wata biyar ciwon kan ya tafi, siket ɗin ruwan lemo kuma ya fara juyawa a ƙugunta.

Ta naɗe shi a ƙasan ƙullin atamfofin mutane ta kai Gaya. Sai da sauran mata suka fita sannan ta ciro shi, ta ce A'isha ta rage masa inci biyu, a yi ɗinkin ta ciki yadda ba zai nuna ba. A'isha ta ce ai abin farin ciki ne, me za a ɓoye.

"Ke dai rage ki yi shiru," in ji Bara'atu. "In aka ji a Toranke, Hanne za ta ce shayinta na sha."